Idan Bakin Famfon Feshi Ya Toshe: Kada a Hura da Baki, Kada a Tsokane da Allura

 A wannan fitowa, shafin noma zai yi magana a kan wani ɗan ƙaramin abu da bai kai girman kan babban yatsa ba, wato bakin famfon feshi, wanda masu sayar da kayan gona suke kira nozul.

A yau da wuya a sami ƙauyen da babu famfon feshi irin wanda ake goyawa a baya. Da shi muke kashe ciyawa kafin shuka, da shi muke kare wake daga ƙwari lokacin fure. Tun shekarar 2016 da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta ɓulla a Afirka ta Yamma, har masara ma ta shiga cikin amfanin gonar da ake yawan fesa wa magani. Duk wanda ya taɓa feshi ya san yadda abin yake. Ana cikin aiki, rana tana ƙara zafi, ga tanki cike a baya, sai ruwa ya soma fita a karkace, ko ya riƙa ɗiga, ko ya tsaya cak. Baki ya toshe ke nan.

Toshewar ba wata babbar matsala ba ce, minti 10 sun isa a gyara ta. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne yadda ake buɗe bakin. A ziyarce-ziyarcenmu zuwa ikilisiyoyi mun sha ganin hanyoyi biyu. Wani yakan kwance bakin famfon ya kai leɓensa ya hura. Wani kuma yakan nemi allura, ko fil, ko guntun waya ya tsokane ramin. Hanya ta fari tana sa guba a jikin mutum. Ta biyu tana lalata ma'aunin maganin, ta jawo asarar kuɗi da ta amfanin gona. Akwai hanya ta uku wadda ba ta cin ko kwabo, ita muke so mu bayyana.

Yadda bakin famfo yake aiki

Famfunan da muka saba da su suna ɗaukar lita 15, ko 16, ko 20. CP15 yana cin lita 15, CP3 kuma lita 20, akwai kuma Jacto da wasu ire-irensu da yawa a kasuwa. Dukansu aikinsu iri ɗaya ne. Idan aka buga hannun famfo, ruwan magani yakan tashi daga tanki da ƙarfi, ya bi ta tiyo, ya wuce wurin da ake matsawa da yatsu, ya bi sanda, ya fita ta baki. A kan wannan hanya akwai rariya har uku a yawancin famfuna: babba mai kama da kwando a bakin tanki, wata a cikin mariƙin sanda, da wata 'yar mitsitsiya a bayan nozul ɗin. An sa su ne domin su tare datti kafin ya kai ramin ƙarshe.

Ramin nan na ƙarshe a yawancin bakuna bai wuce milimita 1 ko 2 ba, amma shi ne yake yanke abubuwa uku: yawan ruwan da zai fita a minti ɗaya, girman ɗigon ruwan, da faɗin wurin da zai jiƙa. Wato kamar mudu yake a hannun mai awo. Masu ƙera shi sun yanka ramin daidai da awon da ake bukata, abin da aka rubuta a takardar magani kuma ya dogara ga wannan awo.

Bakunan da aka fi samu iri uku ne. Akwai mai fitar da ruwa a shimfiɗe kamar mafici, ana amfani da shi ga maganin ciyawa da feshin fili. Akwai wanda ruwa yake bugun wani ɗan leɓe sa'an nan ya bazu da manyan ɗigo, wannan na maganin ciyawa ne, gama iska ba ta cika kwashe manyan ɗigo zuwa gonar maƙwabci ba. Akwai kuma mai fitar da ruwa a kewaye kamar bakin mazurari, ɗigonsa ƙanana ne, shi ya dace da maganin ƙwari da na cutar ganye domin yana shiga tsakanin ganyaye.

Abubuwan da suke toshe shi

Na ɗaya shi ne ruwa mai datti. Yawancinmu daga kududdufi ko rafi muke ɗiban ruwan feshi, tare da yashi, da laka, da gansakuka. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tare ramin. Ruwa mai laka yana da wata illa kuma. Magungunan ciyawa irin su Roundup da sauran masu ɗauke da sinadari ɗaya da shi sukan manne wa laka, ƙarfinsu ya ragu tun suna cikin tanki. Sai manomi ya ce an sayar masa da jabu, alhali ruwan ne ya kashe maganin.

Na biyu shi ne maganin gari wanda ba a dama sosai ba. Irin wannan magani ba ya narkewa kamar gishiri, yawo yake yi a cikin ruwa kamar kamu. Idan aka zuba shi kai tsaye a tanki sai ya yi gudaji, idan kuma aka bar shi ya daɗe sai ya kwanta a ƙasa.

Na uku shi ne ragowar maganin jiya. Famfon da aka ajiye ba a wanke ba, maganin da ya rage a sanda da baki yakan bushe ya zama ɓawo.

Na huɗu shi ne maganin da muke haɗawa da kanmu, kamar ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka, idan ba a tace shi da kyau ba. Ban da waɗannan akwai tsatsa, da ɓarɓashin zoben roba da ya tsufa, da ƙasar da take shiga idan aka yar da sanda a kan kunya. A lokacin rani kuma zanzaro yakan sami ramin sanda a buɗe ya cika shi da laka.

Dalilin da ya sa ba a hurawa da baki

Mutum yakan ce, ai an riga an sirka maganin da ruwa, ɗan abin da zai taɓa leɓe ba zai yi kome ba. Amma mu lura da abubuwa uku. Sau da yawa abin da ya toshe ramin maganin ne da kansa, wanda ruwansa ya bushe ya bar zallarsa. Fatar cikin baki kuma tana da laushi, magani yana ratsa ta da sauri fiye da fatar tafin hannu, abin da ya rage kuma yawu yakan tafi da shi ciki. Sa'an nan idan aka hura da ƙarfi, ruwan da yake ciki yakan fantsamo ya koma ido da hanci. Mai feshi kuma ba sau ɗaya yake yin haka ba. Wanda yake feshi daga farkon damina zuwa kaka yana iya hurawa sau da yawa a mako guda.

Magungunan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Maganin ciyawan nan mai ƙona ganye nan da nan, wanda ake rubuta paraquat a jikin robarsa, kamar Gramoxone, ba shi da makari. Kurɓi ɗaya na wanda ba a sirka ba yana iya kashe babban mutum. Yakan ƙona baki da maƙogwaro, sa'an nan ya lalata huhu a hankali cikin kwanaki. Ƙasashen Tarayyar Turai sun daina yarda da shi tun 2007, a Nijeriya kuma hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar haramta shi daga farkon 2024. Duk wanda yake da ragowarsa a ɗaki ya san irin abin da ya ajiye.

Magungunan ƙwari masu wari da yawa, kamar waɗanda ake rubuta dichlorvos, ko chlorpyrifos, ko dimethoate a jikinsu, jijiyoyi suke kamawa. Alamunsu su ne dalalar yawu, da gumi mai yawa, da ciwon kai, da amai, da zawo, da rawar jiki, da ƙanƙancewar baƙin ido, da wahalar numfashi. Wasu kuma, kamar cypermethrin, sukan sa fuska da leɓe su riƙa zafi da ƙaiƙayi. Manoma da yawa sukan dawo daga feshi da ciwon kai da jiri su ce rana ce ko zazzaɓi, alhali kuwa magani ne ya shiga jiki.

A ƙasan takardar da take manne a jikin kwalba akwai layi mai launi. Ja yana nufin guba mai tsanani ƙwarai, rawaya yana biye da shi, sa'an nan shuɗi, sa'an nan kore. Ko wanda bai iya karatu ba zai iya gane wannan. Amma ko mai koren layi ne, ba a yi shi domin bakin mutum ba.

Dalilin da ya sa ba a tsokanewa da ƙarfe

Allura takan buɗe ramin, gaskiya ne, amma takan kuma kankare gefensa. Bakunan roba da na tagulla ba su da taurin allura. Ido ba zai ga ɓarnar ba, lissafi ne yake nuna ta. Idan faɗin rami ya ƙaru da kashi 1 cikin 10 kawai, ruwan da yake fita yakan ƙaru da wajen kashi 2 cikin 10, domin ramin ta kowane gefe yake buɗewa. A ce gonarka takan ci tanki 10 na lita 20. Da bakin da aka tsokane za ta ci tanki 12. Maganin tanki biyu ya tafi a banza, ga wahalar ɗaukar ƙarin lita 40 na ruwa.

Ba kuɗi kaɗai ake asara ba. Ramin da ya karce ba ya raba ruwa daidai. Wani layi yakan sha magani fiye da kima har shuka ta ƙone, wani layi kuma ya sami kaɗan, ciyawa ko tsutsa ta tsira. Ƙwarin da suke samun magani kaɗan-kaɗan ba su mutu ba, su ne suke haifar waɗanda magani ba ya ji. Akwai ma masu faɗaɗa ramin da gangan da ƙusa wai domin aiki ya yi sauri. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Yadda za a buɗe shi lafiya

1. A daina buga famfo. A fita daga inda aka fesa zuwa gefen gona, a tsaya yadda iska za ta kwashe warin daga wajenka.

2. A nuna sanda ƙasa a matsa, domin ƙarfin da ya taru a ciki ya fita. A sauke famfon a wuri mai daidai, ba kusa da rijiya ko rafi ba.

3. A sa safar hannu ta roba. Ta ƙyalle ko ta fata ba ta da amfani a nan, gama takan sha maganin ta riƙe shi a jikin hannu. Idan babu safa, a sa hannu cikin leda mai kauri wadda ba ta huje ba, a ɗaure a wuyan hannu.

4. Idan bakin ya toshe gaba ɗaya, da sauran ƙarfi a cikin sanda. A rufa tsumma a kai, a kau da fuska, a kwance murfin a hankali har ruwan ya tsiyaye.

5. A kwance kayan a bisa wani ɗan kwano mai ruwa mai tsabta, kada su faɗa cikin ƙasa. A lura da yadda suke a jere: murfi, da nozul, da 'yar rariya, da zoben roba. Mai feshin kewaye yana da wani ɗan faifai mai juya ruwa a bayansa, kada ya ɓace.

6. A girgiza su a cikin ruwan, a goge da tsohon buroshin haƙori. Idan ramin tsaga ne, a bi tsawon tsagar da buroshin. A goge 'yar rariyar ciki da waje, gama sau da yawa ita ce take toshewa, ramin kuwa lafiya lau.

7. Idan da sauran abu a ramin, a sa ɗanyen tsinken ciyawa mai laushi a ture shi a hankali, daga waje zuwa ciki, wato ta inda ya shigo. Idan ana bukatar iska, famfon keke yana yin aikin da baki yake yi, har ya fi. A nuna shi nesa da fuska.

8. Idan magani ne ya bushe ya yi tauri, a jiƙa bakin cikin ruwa mai ɗumi da sabulu na rabin awa, ko ma ya kwana, sa'an nan a goge.

9. Kafin a mayar, a nuna sanda ƙasa cikin gona a matsa sau ɗaya, domin yashin da ya rage a cikinta ya fita. A mayar da kayan yadda suke, a ɗaure da hannu kawai. Filaya takan fasa murfin.

10. A zubar da ruwan wankin a cikin gonar da ake fesawa. A wanke safar tun tana hannu, sa'an nan a cire ta a wanke hannu da sabulu.

Idan an yi duk wannan ruwa bai fito da ƙarfi ba, a duba rariyar da take cikin mariƙin sanda, a duba ko tiyo ya lanƙwashe. A duba murfin tanki kuma. Yana da 'yar kafa ta shan iska, idan ta toshe ruwa ba ya sauka da kyau.

Abin da ya fi duka sauƙi shi ne a tafi gona da baki na biyu a cikin 'yar leda. Idan ɗaya ya toshe sai a canza, a wanke wancan a natse bayan an tashi aiki. Buroshin da kwanon kuma na famfo ne kaɗai. A ɗaura musu jan ƙyalle, a ajiye su tare da famfon inda yara ba za su kai ba.

Yadda za a gane baki ya tsufa

Ko ba a taɓa tsokane shi ba, baki yakan ci da kansa, musamman idan ana yawan amfani da maganin gari ko ruwa mai yashi. Na tagulla ya fi saurin cinyewa. Ga gwaji biyu da kowa zai iya yi a farkon damina, da ruwa zalla a tanki.

Na fari, a fesa a kan busasshen daɓen siminti, sanda tana daidai tsayin gwiwa, ana tafiya kamar yadda ake yi a gona. Idan jiƙar ta fito bai ɗaya, lafiya. Idan an ga layi-layi, wani wuri jagab wani wuri a bushe, bakin ya lalace ko da sauran datti.

Na biyu, a fesa cikin wani mazubi na minti 1 daidai, ana buga famfo yadda aka saba, a auna ruwan. A yi haka sau uku. Sa'an nan a ɗaura sabon baki irinsa a sake gwadawa. Idan tsohon ya fi sabon fitar da ruwa da abin da ya wuce kashi 1 cikin 10, misali sabo ya ba da lita 1, tsoho ya haura lita 1.1, lokacin canji ya yi. Kuɗin sabon baki bai kai kuɗin maganin da tsohon zai zubar a damina ɗaya ba. Idan za a saya, a tafi da tsohon kasuwa domin a sami irinsa, a kuma nemi shawarar malamin gona.

Rigakafi ya fi magani

Idan ruwan kududdufi ne kaɗai ake da shi, a ɗebo tun jiya a zuba a duro ya kwana, da safe a kwashi na sama, a tace da ƙyalle mai tsabta. Kada a cire kwandon bakin tanki wai domin ruwa ya yi saurin shiga.

Maganin gari a fara dama shi da ɗan ruwa a bokitin da aka keɓe, da sanda, har gudajin ya mutu. A zuba ruwa rabin tanki, a zuba damammen maganin ta cikin kwando, a cika, a rufe, a girgiza. Ruwan darbejiya a tace shi sau biyu. Kada a haɗa magani biyu a tanki ɗaya sai takardarsu ta yarda, gama wasu idan sun haɗu sukan tsinke kamar nono. A haɗa daidai abin da za a ƙarar a ranar, kada magani ya kwana a tanki.

Bayan aiki a ɗauraye tanki sau uku a can gona, kowane karo ana buga famfo ruwan yana fita ta sanda. Wannan wanki yana da muhimmanci ƙwarai idan an fesa maganin ciyawa mai suna 2,4-D, domin ɗan ragowarsa ya isa ya nannaɗe ganyen wake, ko tumatir, ko auduga. A cire baki da 'yar rariya a wanke su dabam. Idan za a yi ajiyar rani, a kife tanki ya bushe a inuwa, a ɗaure bakin sanda da leda saboda zanzaro.

Gwangwanin maganin sauro da na fenti

A gida ma muna da wani abin feshin, wato gwangwanin maganin sauro, da na fenti wanda masu gyaran keke da babur suke amfani da shi. Shi ma ɗan kan da ake dannawa yakan toshe. A kau da gwangwanin daga fuska, a zare kan a hankali. Na maganin sauro a jiƙa shi cikin ruwa mai ɗumi da sabulu, na fenti kuma cikin kananzir ko tina, sa'an nan a goge, a bar shi ya bushe, a mayar ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Idan akwai kan wani tsohon gwangwani irinsa, ana iya musanyawa.

Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne a cusa allura ko ƙusa cikin bututun gwangwanin kansa, ko a huda shi, ko a kai shi kusa da wuta domin wai ya narke. Iskar gas ce a matse a ciki, irin mai kama wuta, zafin da ya wuce digiri 50 kuma yana iya fasa shi. Ko ya ƙare, kada a jefa shi cikin wutar shara, kada a ba yara su yi wasa da shi. Mai fenti idan ya gama aiki ya kife gwangwanin ya danna na 'yan daƙiƙoƙi har iska zalla ta fito, haka kan ba zai toshe ba sai wani jiƙon.

Idan magani ya riga ya shiga jiki

Idan ya shiga baki, a tofar, a kurkure da ruwa sau da yawa, kada a haɗiye. Idan ido ne, a riƙa zuba ruwa mai tsabta a hankali har minti 15, ido a buɗe. Idan ya zuba a jiki, a tuɓe kayan nan take a yi wanka da sabulu.

Idan an haɗiye shi, ko an ga alamun da muka ambata, a kai mutum asibiti ba tare da jira ba, a tafi da kwalbar ko takardarta domin ma'aikatan lafiya su san irin gubar. Kada a ɗura masa manja ko madara, ba su karya guba. Kada a sa shi amai da ƙarfi, gama aman yana iya komawa huhu. Idan ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi kome ta baki. Wanda paraquat ya shiga cikinsa yana iya zama kamar lafiyarsa ƙalau a ranar farko, saboda haka kada a ce bari a gani zuwa gobe. Mu yi addu'a muna kan hanyar asibiti.

Abin da ikilisiya za ta iya yi

A ƙauyuka da yawa matasanmu ne suke feshin ƙwadago, ana biyansu a kan kowane tanki. Wanda ake biya haka ba ya son tsayawa minti 10 yana wanke nozul, shi ya sa yake hurawa ya wuce. Saboda haka nauyin ba a kansa kaɗai yake ba. Mai gona ya tanadi ruwa mai tsabta, da sabulu, da safar hannu, kada kuma ya tsaya a kan yaron mutane yana azalzalarsa. Ɗan'uwanmu ne, jikinsa kuma amana ce daga wurin Allah kamar namu. Yara, da mata masu juna biyu, da masu shayarwa, kada a ba su aikin feshi ko wankin famfo.

Muna roƙon fastoci da dattawa su ba da ɗan lokaci bayan sujada wata Lahadi domin a gwada wannan a filin majami'a. A wanke famfo sarai, a zuba ruwa zalla da ɗan bula na wanki, a sa wani ya kwance bakin da farar safa ko farin ƙyalle a hannu. Idan jama'a suka ga inda shuɗin ya taɓa, za su gane inda magani yake zuwa. A gayyaci maƙwabta, Kirista da Musulmi, gama rijiya ɗaya muke sha.

Inda ikilisiya ko zumuntar maza take da famfon da ake ara, a haɗa masa ɗan gwangwani mai murfi da baki biyu na canji, da buroshi, da safar hannu, da sabulu, da ƙyallen tacewa. A naɗa mutum ɗaya mai duba shi duk lokacin da aka dawo da shi. Zumuntar mata kuma ta ɗauki zancen wanke kayan feshi dabam da na iyali, da hana zuba mai, ko gishiri, ko ruwan sha a cikin robar magani. Robar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin tanki, a huda ta yadda ba wanda zai sake amfani da ita.

A taronku na wannan wata ku tattauna waɗannan: Daga ina muke ɗiban ruwan feshi, yaya kuma za mu tace shi? Su wane ne suke yi mana feshi, me muke tanadar musu? Wane asibiti ne ya fi kusa da mu, wa kuma yake da abin hawan da za a nema idan abu ya faru da dare? Ku aiko mana da abin da kuka shirya ta hannun ma'aikacinmu na yankinku, domin sauran ikilisiyoyi su ƙaru da shi.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku a wannan damina, ya sa albarka a aikin hannuwanku, ya kai mu kaka lafiya. Amin.